Idwal Hanji da Kunnen Anti Tegwen

Bango ɗaya ne tsakanina da Idwal Prydderch, kuma irin bangon nan ne da in ka yi atishawa a gidana, matarsa Nesta za ta ce maka sannu daga nasu. Saboda haka duk wanda ya ce ya fi ni sanin Idwal a Nant-y-Gog, ƙarya yake yi. Na san lokacin tashinsa, na san tarinsa, na san ranar da suka yi faɗa da ranar da suka shirya. Ni ne Cledwyn mai tumaki, wanda ya bar makaranta tun ranar da ya gane ƙofar da ake shiga ta nan ma ake fita. In kun ga rubutun ya karkace, to ku yi haƙuri, mutumin da nake ba ku labarinsa ma a karkace yake, kuma za ku ji dalili.

Idwal direban bas ne. Shekara talatin da ɗoriya yana kai mutanen kwarin nan gari yana dawo da su, bai taɓa taka ko kaza ba. Ran Asabar kuma makaɗin garaya ne, babbar nan mai tsirkiya da yawa da ake tsayarwa a ƙasa. Tasa irin ta zamani ce, doguwa, mai ruwan zinariya a ka, da abubuwan takawa a gindi kamar mota, wadda ake jingina wa kafaɗar dama. Duk wanda ya yi aure a nan cikin shekara arba'in, Idwal ne ya kaɗa masa. Har da ni, kuma ban riƙe shi a zuciya ba.

Akwai wata garayar a gidan, ta kakansa, wanda suke kira Taid kamar yadda kowa ke kiran kakansa namiji a nan. Gidan ma nasa ne, Idwal ya gada. Taid mai fasa dutse ne a mahaƙar da ke saman gari, ƙurar dutsen ta cinye masa ƙirji tun kafin a haifi Idwal. Garayarsa irin tamu ce ta da, mai jeri uku na tsirkiya, ta fi mutum tsawo, ba abin takawa ko ɗaya. Tun ina yaro a tsaye na san ta a ɗakin baƙi, tsirara, ba tsirkiya ko ta rantsuwa. Nesta ta same ta da amfani ƙwarai. A kanta ake rataye rigar ruwa, a kanta ake shanya safa, in Kirsimeti ta zo a naɗe ta da fitilu.

Da Idwal ya yi ritaya sai ya zama kamar kujerar da ba a san inda za a ajiye ta ba. Nesta ta juya ta gan shi, ta sake juyawa ta gan shi. Sai ta ji labarin wani taro na mako guda a birni, na masu kiɗan da, ta tura shi don ta samu ta share ƙarƙashin teburi. Kuskure na biyu ke nan da ta yi a rayuwarta.

Ranar da ya dawo ina gyaran shinge. Ko jakarsa bai ajiye ba ya tsaya a kaina.

"Cled," ya ce, "shekara arba'in ina yi wa matattu ƙarya."

"Sun kawo ƙara ne?"

"Ka tsaya ka ji. Mutanen da suka tsara kiɗan da nake yi, ba su taɓa ganin irin garayata ba. Tsirkiyarsu ta hanji ce, tawa rabi roba ce rabi waya. Muryarsu daban, zamansu daban, yadda suke ɗora yatsa daban. Abin da suka ji a kunnensu ba shi nake ba mutane ba."

"To ai mutanen ba su ce a mayar musu da aurensu ba."

Bai ko yi murmushi ba. Nan na san abin ya kama shi.

Akwai wani kiɗa da ake kira Saukowar Tumaki, wanda wani makaɗi ya tsara wa gidan wani attajiri shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce. Garaya ce kaɗai, ba waƙa, ba ganga, ba kowa. Shi ne kiɗan Taid, kowa a dangin ya san haka. Idwal yana da shi a takarda, amma ya ce takarda tana gaya maka tsirkiyar da za ka taɓa ne kawai, ba ta gaya maka yadda abin ke fita. Abin da yake so a duniya shi ne ya kaɗa shi yadda Taid ke kaɗawa, a garayar Taid. Kuma mutum ɗaya ya rage a doron ƙasa da ya taɓa jin Taid: Anti Tegwen, ƙanwar mahaifin Idwal, mai shekara casa'in da 'yan kai, da ke zaune a gidajen tsofaffi kusa da gada. Tana da tara babanta ya rasu. Kunnenta na dama ya daɗe da yin sallama. Na hagun ma sai da ɗan abin jin nan da ake saƙalawa, kuma likita ya gaya wa Nesta cewa shi ma a kan hanya yake. Idwal ya ce kafin kunnen nan ya rufe, sai ya ji ta ce "shi ne".

Muka ɗora garayar a tirelar tumakina, a kan ciyawa, muka kai wa wani kafinta a kudu da ya san kan garaya. Ta dawo da lafiyarta, ƙwari sun fita, tsaga ta rufe, sai ɗan warin rago da ta kwaso a hanya. Na ba Idwal haƙuri, ya ce in bari, wataƙila a zamanin Taid ma haka take wari.

Sai maganar tsirkiya. Wata safiya ya leƙo ta kan shinge.

"In ka yi yanka, me kake yi da hanjin?"

"Mot ke ci." Mot karena ne.

"Daga yau ni zan ci."

Ya ce a da makaɗa da kansu suke murza tsirkiya, kuma hanjin tunkiyar da ta ci ciyawar dutsen nan shi ne daidai. Na ba shi bokiti guda. Ya wanke, ya kankare, ya jiƙa a ruwan toka, ya murɗa, ya shanya a igiyar da muke tarayya a bayan gida. Jama'a, na yi shekara hamsin cikin tumaki, masu rai da matattu, ban taɓa jin wari irin wannan ba. Hankakin kwarin nan duka suka tare a kan rufinmu kamar ana rabon gado. Fasto ya zo gaishe su, ya kai bakin ƙofa, ya yi musu addu'a daga nan ya juya. Karnukan da ban taɓa gani ba suka zo suka zauna a layi. A kwana na huɗu Mot ya tsinke igiyarsa ya cinye aikin gaba ɗaya, ya kwanta yana nishi.

"Karenka ya cinye tarihi," in ji Idwal, kamar zai yi kuka.

"Ka matsa cikinsa ka ji, ko zai ba da Saukowar Tumakin."

Da yamma na shiga mashaya na ba da labari. A garinmu ba a kiran mutum da sunan ubansa, da abin da ya same shi ake kiransa. Da Idwal Bas ne. Kafin a rufe mashayar ya zama Idwal Hanji, kuma yanzu ko mai kawo wasiƙa haka yake ce masa. Tsirkiyar kuwa daga Italiya ya sayo ta a ƙarshe. Ashe tumakin can sun fi namu ilimi.

Tsirkiya kusan ɗari ce a jikin abin nan. Jeri biyu na waje muryarsu ɗaya, na tsakiya kuma sai ka zura yatsa ta tsakanin na waje kafin ka taɓa shi, kamar mai ciro ƙwai daga ƙarƙashin kazar da ke sara. Hanji kuma ba ya son laima, mu kuwa a nan in ba a yi ruwa da safe ba to ana ajiye shi ne don yamma. Kafin Idwal ya gama ɗaure ta ƙarshe, ta farko ta saki. Ta bango nake jinsa tun da sassafe: tin, tin, tiiin. Shiru. Tin. Har Mot ya koyi muryar, in an kuskure sai ya ɗaga kunne.

Bayan wata da watanni ya ce ya shirya. Ni aka sa ɗauko Anti Tegwen, don motata ce ke iya hawa gangaren. Ta fito da hularta ta zuwa coci da jakarta da sandarta.

"Cledwyn, har yanzu ba ka wanke motar nan ba?"

"Anti, dattin ne ke riƙe da ita."

Idwal ya zaunar da ita a babbar kujera, daidai gaban garayar, kunnen hagu yana fuskantarsa. Ya tsayar da agogon bango. Ya sa na kulle Mot a rumbu. Ya gaya mini in zan yi numfashi in yi a hankali. Sannan ya rufe ido ya fara, sannu sannu, kamar mai ɗauke da kwanon madara a kan ƙanƙara. Gaskiya ɗaya ce, da daɗi. Muryar ba ta da ƙara irin ta waccan mai zinariya, tana da ɗan kauri, tana da ɗumi. Da ya gama ya buɗe ido ya dube ta.

"Da daɗi, yaro," ta ce. "Amma ba shi ba ne."

Yaron nan yana da shekara sittin da shida.

"Me ya rage, Anti?"

"Ni na sani? Kai ka je birni. Nesta, akwai sauran burodin nan mai zabibi?"

Ya koma cikin littattafai. Ya fito ya ce ya gano: mutanen da ba sa ɗaure tsirkiya tamau kamar na yanzu, muryarsu ta fi ƙasa. Ya sassauta duka ɗarin. Na sake ɗauko ta. Ta saurara har ƙarshe, jakarta a cinya.

"Wannan ya fi baƙin ciki. Wa ya mutu?"

"Shi ne, Anti?"

"A'a."

Sai babbar magana ta zo, maganar kafaɗa. Makaɗan ƙasarmu na da, a kafaɗar hagu suke jingina garaya, ba dama ba. Wannan kowa ya sani, shi ma ya sani, yana ta kauce wa abin ne kawai. Domin in ka sauya kafaɗa ka sauya hannu: hagu ce za ta riƙa bin siraran muryoyi masu gudu, dama ta koma kan masu kauri. Ka ce wa mutumin da ya shekara arba'in yana abu ya juya shi kamar riga. Idwal ya juya. Hunturu guda cur ina jin abin da ke fitowa ta bango, kamar an sako akuya a shagon kwanuka. Ya fara cin abinci da hagu don hannun ya saba. Ya fara aske gemu da hagu, ya riƙa zuwa coci da 'yan ƙullin auduga a fuska. Wuyansa ya karkace ya ƙi komawa. In ka gamu da shi a hanya sai ka ga kamar yana leƙen abin da ke bayanka. Wata baƙuwa ta tambaye ni ko haka aka haife shi, na ce a'a, karatu ne.

Amma ya iya. Wannan ba zan hana shi ba. Da bazara ta zo, hagun nan tana gudu kamar ba ita ba.

Anti Tegwen ta zo, ta zauna, ta ji.

"Me ya sami wuyanka?"

"Haka Taid ke riƙewa, Anti."

"To. Ka shafa man zafi." Ta gyara hula. "Ba shi ba ne, yaro. Kada ka ji haushi."

A hanyar mayar da ita na ce, "Anti, ki ce masa shi ne mana, mu huta. Wa zai kama ki?"

Ta juyo da kunnen kirkin wajena. "Me ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

"In yi ƙarya a kan Babana? Cledwyn, kai dai tun kana yaro ba ka da ta ido. Duba hanya."

A lokacin na lura sai na faɗi magana sau biyu, wani lokaci sau uku, kafin ta kama. Nesta ma ta lura. Idwal ya fi kowa lura, shi ya sa haukan ya ƙaru. Ya ce zafin bututun ɗumama gida yana busar da katako yana sauya murya, kuma Taid bai san wani bututu ba. Ya kashe, mu kuwa a kwarin nan ko da bazara sanyi ba ya barinmu. Ya buɗe tsohon murhun ɗakin baƙi ya koma hura gawayi. Ɗaki ɗaya ke da ɗumi a gidan, shi ma don garaya. Nesta ta riƙa dafa abinci da rigar sanyi biyu da hula.

"Cled," ta ce mini ta kan shinge, "in ka ji mu shiru kwana biyu, ka zo da gatari ka fasa ƙanƙara ka ciro mu."

"Ki dawo gidana mana, ni ban san tarihi ba."

"Gara sanyi."

Laima ta shiga gidan ta zauna. Kafet ɗin ƙaramin ɗakin da ke sama, daidai kan ɗakin baƙi, ya yi funfuna har ya fara fitar da abin da ya yi kama da gashi. Ni da Nesta muka naɗe shi muka jefar, aka bar katako tsirara da wani tsohon gadon ƙarfe da ya fi kowa a gidan shekaru, wanda ba a fitar ba don ba ya bi ta ƙofa.

Da kaka ta yi, ganye ya fara zuba, Nesta ta kai Anti wajen likita ta dawo, Idwal ya tambaye ta. Likita ya ce kafin sanyi ya yi nisa, abin saƙalawar ma ba zai ƙara amfani ba. Idwal ya sa ranar Asabar. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, don ba shi da sauran abin sauyawa. Ya samo 'yar gajeriyar kujera irin ta da. Ya sa rigar ulu mai kaushi da ke sa shi susa. Ya yanke farce har sai da nama ya fito.

Ranar an tashi da ruwa da iska. Na ɗauko Anti bayan abincin rana, ta shiga gidan ta ce, "Nan gida ne ko rijiya?" Na ga tsohuwa tana rawar sanyi, ni kuma mutum ne mai tausayi. Ina da wata 'yar kwalba a aljihu, giyar da nake haɗawa da kaina duk shekara da 'ya'yan ƙayar da ke bakin gonata. Da Nesta ta juya baya na ɗiga mata kaɗan a shayi. Ta kurɓa, ta dube ni, ta miƙo kofin. Na ƙara. Ta sake miƙowa. To, wa zai hana babba?

Idwal ya tsayar da agogo. Ya zauna. Ya kaɗa Saukowar Tumaki yadda ban taɓa jin ya kaɗa ba, ba kuskure ko ɗaya, gumi yana bin karkataccen wuyan nan. Anti ta karkato kai, ta dafe abin kunnenta da yatsa, ta runtse ido. Na ga tana nema da gaske. Da ya tsaya ta buɗe ido.

"Yaro," ta ce a hankali, "ka yi ƙoƙari. Rabinsa ma ban ji ba. Abin da na ji kuma..." Ta girgiza kai. "Wataƙila ni ce na manta. Ka bar shi haka."

Ban taɓa ganin fuskar Idwal haka ba, ko ranar da aka karɓi makullin bas daga hannunsa. Ina da magana a baki, na haɗiye ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena.

Anti ta yunƙura za ta tashi, sai ɗakin ya juya mata. Ta koma ta zauna daɓas.

"Nesta, bangon ku yana tafiya."

Nesta ta sunkuya ta shinshina kofin, ta ɗago ta dube ni. Na dubi rufi.

"Cledwyn, Allah ya isa. Kama ta mu kai ta sama ta kwanta."

Gadonsu cike yake da kayan wanki da suka ƙi bushewa tun da aka ƙwace wa Nesta abin shanyarta, sai muka kai ta ƙaramin ɗakin, muka kwantar da ita a gadon ƙarfe. Nesta ta cire mata takalmi da hula, ta zare abin kunnen ta ajiye a taga, ta lulluɓe ta da bargo. Muka sauko kicin, Nesta tana wanke ni da abin da ba zan rubuta ba.

Idwal ya leƙo. "Ran Litinin ka kawo tirela," ya ce mini. "Gidan tarihi garayar nan za ta. Su sa ta a gilashi." Ya dubi matarsa. "Ki kunna bututunki."

Ya koma ɗakin baƙi ya rufe ƙofa. Can sai muka ji ya fara kaɗawa, sallama yake yi da ita. Ba wanda yake wa, saboda haka bai tsaya lallaɓawa ba, ya dai sake ta ta tafi. Nesta ta daina zagina ta tsaya da tsumma a hannu.

Yana kaiwa ƙarshe sai muka ji daga sama: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sanda ce a kan katako.

Idwal ya fito da sauri. "Na tashe ta. Kai, ni dai yau..."

Sai murya ta sauko ta matakala, irin muryar kurma da ba ta san ƙarfinta ba: "Wa ya ce a tsaya?"

Muka hau mu uku muna ture juna. Tana kwance ɗai-ɗai a bayanta, hannu ɗaya ya kama ƙarfen gadon, ɗayan yana riƙe da sanda. Hawaye sun bi ta gefen ido sun shiga kunnuwan nan marasa aiki.

"Baba ya dawo daga aiki," ta ce.

Idwal ya durƙusa. Nesta ta ɗauko abin kunnen ta saƙala mata don a yi magana.

"Anti, shi ne?"

"Shi ne mana. Ta ƙafar gadon yake hawowa, ya bi ƙarfen ya shiga bayana. Ga shi nan har yanzu." Ta shafa ƙarfen. "A nan na yi shekara guda a kwance, lokacin ciwon ƙirjina, ina da bakwai. Ran Asabar ana tashinsu da rana daga dutse. Sai ya wanke hannu, ya shiga ƙasan nan, ya rufe ƙofa. In ya gama in buga masa da takalmi ya sake."

Idwal ya ce, "Amma Anti, a ɗakin baƙi fa? Ba ki taɓa zama gabansa ba?"

"Ɗakin baƙi? Mu yara? Uwarmu ta kama ka a ɗakin nan ai sai fasto ya zo ya yi maka addu'a. Sau ɗaya na shiga, ranar da aka kwantar da gawarsa a ciki."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, duk zuwan nan?"

"Ka tambaye ni a ina nake ji? Ka ce in zauna, na zauna. Ni ma na ɗauka kunnena ne ya ci amanata."

Na ga Idwal yana lissafi a ka, yana shafa wuya. Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kafaɗar fa? Hagu yake jinginawa, ko ba haka ba?"

"Ina zan sani, yaro? Ta cikin katako ake ganin kafaɗa?"

Dariyar da na yi sai da na zauna a ƙasa. Nesta ta toshe baki da tsumma, kafaɗunta suna rawa. Idwal ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, wuya a karkace, sai shi ma ya fashe, yana dariya yana share ido da hannun rigar nan mai kaushi.

Anti ta zare abin kunnen da kanta ta miƙa wa Nesta. "Riƙe wannan, ba na bukatarsa. Kai kuma sauka. Kuma ka rufe ƙofar, da ita a rufe yake yi."

Ya sauka. Sai da aka kunna fitilun titi ta bar shi ya huta.

Tirela ba ta je ko'ina ba ran Litinin. Kunnen ya rufe kafin Kirsimeti kamar yadda likita ya faɗa, yanzu in kana son gaya wa Anti magana sai ka rubuta ko ka yi ta nuni da hannu. Amma duk Asabar bayan abincin rana ina ɗauko ta, mu hau da ita sama, ta kwanta a gadon ƙarfe ta kama ƙarfen. An kunna bututu a ko'ina ban da ɗakin baƙi, kuma an hana mayar da kafet. Idwal ya ƙi komawa kafaɗar dama. Ya ce hanjin da sassaucin da gawayin duk suna ciki, in an cire ɗaya ba za ta ce shi ne ba. Wataƙila gaskiyarsa. Ba wanda ya isa ya gwada.

Labari ya kai wajen mutanensa na birni. Wasu suka zo da tabarau da jakunkuna, ya sa su cire takalmi su kwanta a gadon ɗaya bayan ɗaya. Wata mata mai digiri uku ta sauko tana cewa abin ya taɓa ta. Wani kuma ya yi barci har da minshari.

Ni ma na samu nawa aikin. Wata rana a mota Anti ta ce mini, da muryar nan da ke tsorata tumaki, "Kakanka ma a gidanka yake, ka sani? Mugun mutum. Bai san daɗin komai ba. Duk Asabar in Baba ya fara sai ya ɗauki ƙarfen tona wuta ya yi ta dukan bango yana cewa a bar mutane su huta."

Asabar ta gaba, da na kwantar da ita, ban tsaya shan shayin Nesta ba. Na koma gidana na ɗauki ƙarfen tona wuta na jira. Idwal yana shiga tsakiyar kiɗan na fara: dum, dum, dum, a bar mutane su huta! Kiɗa ya tsaya cak. Na ji ya ture kujera, na ji ya buɗe taga.

"Cledwyn! Ka haukace ne?"

Kafin in amsa sai sanda ta fara daga sama, da sauri da sauri, da muryar Anti a kai: "Ƙyale shi! Dukan ma ina jinsa a gadon! Yanzu ya cika!"

Tun daga ranar ban fasa ba. Idwal har yana gyara mini, wai na cika shigowa da wuri.